Kurkur, citta, habbatus sauda ko lei gong teng: wanne ke taimakon mai amosanin gaɓɓai na rumatoyid?

Mai neman maganin amosanin gaɓɓai a cikin tsirrai tambaya biyu ce a gabansa, amma galibi ɗaya kawai yake yi. Ta farko ita ce me zai rage zafi da kumburi. Ta biyu, wadda ake mantawa da ita, me zai hana gaɓar lalacewa. A nau'in da likitoci ke kira rumatoyid, waɗannan biyun ba lallai su tafi tare ba. Zafi kan iya lafawa alhali ƙashi na ci gaba da zaizayewa daga ciki, sai bayan 'yan shekaru a ga yatsu sun karkace sun nufi ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma idan suka karkace ba sa miƙewa. Da waɗannan tambayoyi biyu za mu auna kowane tsiro.

Kafin a sayi komai a tabbatar ciwon shi ne. A rumatoyid garkuwar jiki ce ke juyowa kan siririn tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa, ya kumbura, ya yi kauri, ya shiga cin guringuntsi da bakin ƙashi. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku na maza, kuma ya fi farawa da ƙananan gaɓoɓi: gindin yatsu, tsakiyar yatsu, wuyan hannu da gindin yatsun ƙafa, dama da hagu a tare. Da asuba hannu kan sandare fiye da rabin sa'a, wani lokaci har hantsi, mace ta kasa matse wanki, ta kasa ɗaura ɗankwali, ta kasa murɗe murfin kwalba. In aka riƙe tafin hannunta ta gefe da gefe aka ɗan matsa layin gindin yatsun nan huɗu, nan take za ta janye hannun. Ciwon gwiwar tsufa ba haka yake ba. Shi guringuntsi ne ke sirancewa saboda shekaru da nauyin jiki, sandarewarsa 'yan mintoci ce, kuma aiki ne ke tayar da shi. Wannan bambanci na da muhimmanci a nan, domin yawancin tallan da ake yi wa ƙwayoyin tsirrai da binciken ciwon gwiwar tsufa ake kafa hujja, sannan a sayar wa mai rumatoyid. Gwajin jini na RF da anti-CCP, tare da ESR ko CRP masu nuna ƙarfin kumburi, su ke taimaka wa likita ya rarrabe. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa a Najeriya, amma ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Maiduguri.

Abin da ake gwada kowane sabon magani da shi kuwa shi ne metotireksat, babban maganin asibiti na wannan ciwo. Sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba (shansa kullum bisa kuskure ya kashe mutane), ana farawa daga miligiram 7.5 zuwa 15 a riƙa ƙarawa har 20 ko 25, tare da folik asid a wata rana daban. Yana ɗaukar mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kuma an tabbatar da hoton ƙashi cewa yana rage zaizayewa. Duk tsiron da ba a nuna ya yi wannan ba, mataimaki ne, ba magaji ba.

Lei gong teng: mafi ƙarfi, mafi haɗari

Tsiro ɗaya ne cikin duk waɗanda za mu ambata aka tsayar da shi gaba da gaba da magungunan da ke hana lalacewar gaɓa ya kuma yi abin kirki. Wani tsiro ne mai yaɗo na kudancin ƙasar Sin, sunansa na kimiyya Tripterygium wilfordii, 'yan ƙasar na ce masa lei gong teng. Manyan sinadaransa biyu ne, tiriftolaid da selastirol. Tiriftolaid yana shiga cikin ƙwayar halitta ya toshe na'urar da ke karanta umarnin gado, saboda haka ƙwayoyin garkuwar jiki sai su kasa ƙera saƙonnin da ke hura kumburi. Matsalar ita ce ba ƙwayoyin garkuwa kaɗai yake toshewa ba. Duk inda ƙwayoyi ke saurin hayayyafa a jiki, can ma yana kai hannu.

A 2009 aka buga wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 121. Rabi an ba su tataccen sinadarin saiwar, miligiram 60 sau uku a rana, rabi kuma salfasalazin, wani maganin asibiti na rumatoyid, giram 1 sau biyu a rana, tsawon mako 24. Kusan kashi 65 cikin 100 na masu shan tsiron sun sami sauƙin da ake ƙirgawa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 33 ne. Sai dai kusan rabin mutanen duka ba su kai ƙarshen gwajin ba, kuma wannan na rage wa sakamakon nauyi. Na biyu ya fi girma: mutum 207 a Sin, ƙarƙashin jagorancin wani babban asibiti na Beijin, aka buga a 2015. An kasa su uku. Masu shan metotireksat kaɗai kashi 46 ne suka sami sauƙin da ya kai rabi, masu shan tsiron kaɗai (miligiram 20 sau uku a rana) kashi 55, waɗanda aka haɗa wa biyun kashi 77 ko kusa da haka. Lambobi ne masu kyau ƙwarai. Amma a lura da abu biyu: marasa lafiyar sun san abin da suke sha, kuma metotireksat ɗin miligiram 12.5 ne kawai a mako, wato ƙasa da abin da ake kaiwa a yawancin asibitoci.

Farashin da jiki ke biya shi ne abin dubawa. Yana ɗauke wa mata al'ada, kuma wadda ta doshi shekara arba'in tana iya ɗaukewa ba ta dawo ba. Yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji. Yana iya taɓa hanta da ƙoda, ya rage fararen ƙwayoyin jini, ya sa gudawa da tashin zuciya, kuma dogon amfani da shi na rage ƙarfin ƙashi a mata. Tunda ciwon ya fi kama mata, da yawansu kuma suna cikin shekarun haihuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan abin da aka gwada tataccen sinadari ne daga cikin saiwar bayan an feƙe ɓawonta. Ganyen da furen da ɓawon saiwar guba ne mai kisa. A Sin likita ne ke rubuta shi, yana bin jinin mai sha. Wanda ya yi odarsa ta intanet ba shi da hanyar sanin yawan tiriftolaid da ke cikin ƙwayar, kuma hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta taɓa gargaɗin jama'a su guji irin waɗannan kayan marasa lasisi. Ra'ayinmu a fili yake: in ba a hannun likitan da ya san shi yake kuma da tabbacin inda aka haɗa shi ba, a bar shi. Mai ciki, mai shayarwa, da duk mai son haihuwa nan gaba, namiji ko mace, ba nasu ba ne sam.

Sin na da wasu biyu masu sauƙin illa da likitocinta ke ƙarawa kan metotireksat: tatattun sinadaran saiwar Paeonia lactiflora, waɗanda babbar illarsu sakin ciki ce, da sinomenin daga Sinomenium acutum, mai yawan sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Kusan duk bincikensu a can aka yi shi, kuma ba kayan da ake samu a kemis ɗinmu ba ne.

Kurkur da kurkumin ba abu ɗaya ba ne

Nan ne mafi yawan kuɗin mutane ke tafiya, don haka sai mu ɗan daɗe. Kurkumin shi ne sinadarin da ke ba kurkur launin ruwan ɗorawa, kuma a ɗakin gwaji yana danne hanyoyin kumburi da dama. A jikin mutum labarin ya fi haka wuya.

Fara da lissafin cokali. Garin kurkur na kasuwa kurkumin ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba, a ce kashi 3. Cokalin shayi ɗaya kusan giram 3 ne, wato kurkumin miligiram 90 ke nan ko kusa. Gwaje-gwajen rumatoyid da za mu ambata kuwa miligiram 500 zuwa 1,000 suka bayar a rana. Kafin mutum ya kai 1,000 da garin kasuwa sai ya sha cokali goma ko fiye kullum, kuma ko ya sha, kaɗan ne zai shiga jini, domin kurkumin ba ya narkewa a ruwa, hanji da hanta kuma suna saurin sauya shi su fitar. Saboda haka shayin kurkur da zuma da ake yaɗawa a WhatsApp abin sha ne mai daɗi, amma ba shi aka gwada ba.

Abin da aka gwada ɗin ma ƙanana ne. A 2012 an yi gwaji a Indiya kan mutum 45, aka kasa su uku: kurkumin miligiram 500 sau biyu a rana, dikulofenak miligiram 50 sau biyu, ko duka biyun, tsawon mako 8. Dukkansu sun sami sauƙi, masu kurkumin ba su gaza masu dikulofenak ba. A lura da abin da aka gwada shi da shi: dikulofenak maganin zafi ne, ba ya hana gaɓa lalacewa. Wani gwajin na 2017, shi ma a Indiya, mutum 36 ne na kwana 90, ya nuna raguwar ESR da CRP idan aka kwatanta da ƙwayar da ba magani a cikinta, sai dai masu binciken suna da alaƙa da kamfanin da ke haɗa ƙwayar. Mutum goma sha biyu ko sha biyar a kowane rukuni, wata biyu ko uku, ba hoton ƙashi. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne yana iya rage zafi da kumburi a matsayin ƙari. Babu wanda ya nuna yana kare gaɓa.

Don magance matsalar shiga jini, kamfanoni na haɗa shi da fifarin, sinadarin da ke ba masoro yajinsa. Wani bincike na 1998 ya nuna miligiram 20 na fifarin ya ninka kurkumin ɗin da ke kaiwa jini kusan sau ashirin. Yana yin haka ne ta hanyar rage wa hanji da hanta saurin sarrafa shi, kuma ba kurkumin kaɗai hakan ke shafa ba, har wasu magungunan da mutum ke sha suna iya taruwa a jini. A nan haɗarin yake. A 2019 Italiya ta sami jerin mutanen da suka kamu da kumburin hanta bayan shan ƙwayoyin kurkur, kuma a 2022 wata cibiyar bin diddigin illar magunguna ga hanta a Amurka ta ba da rahoton mutum goma, ɗaya ya rasu, wasu cikinsu ƙwayoyinsu na ɗauke da fifarin. Ciwon kan bayyana ne bayan wata ɗaya zuwa huɗu da fara sha: kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ido ya yi shawara. Ba ya faruwa da yawa, amma mai shan metotireksat ko leflunomaid (shi ma maganin rumatoyid ne) hantarsa tana ɗauke da kaya tun farko. Ga kuma ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasashenmu, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba.

Ga wani ma'auni mai amfani: hukumomin lafiyar abinci sun ƙayyade miligiram 3 na kurkumin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana a matsayin abin da za a iya ci kullum ba fargaba. Mai kilo 60 miligiram 180 ke nan. Mai shan 1,000 ya ninka wannan fiye da sau biyar, don haka ya ɗauki abin a matsayin magani, ba kayan miya ba. Mai duwatsu a matsarmama ya guje shi, domin yana sa ta matsewa. Mai shan wafarin ko wani maganin tsinka jini kada ya fara sai da sanin likita, a kuma dakatar da shi mako biyu kafin tiyata. Yana kama sinadarin ƙarfe a hanji, abin lura ga mai ƙarancin jini, wanda dama ya zama ruwan dare a rumatoyid. Shi kansa garin akwai abin tsoro a wasu wurare: an tabbatar a Bangaladash a 2019 cewa ana zuba wa kurkur wani fenti mai ɗauke da dalma don ya ƙara haske. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. Don girki, gara a sayi saiwar a daka da kai.

Man GLA: hujja mai ɗan ƙwari, amma sai haƙuri da kuɗi

Wannan bai yi suna a wajenmu ba, alhali a cikin masu sauƙin illa shi ne bincikensa ya fi tsari. GLA wani nau'in kitse ne da ake samu a man irin wasu tsirrai. Jiki na mayar da shi wani abu da ke gogayya da kitsen da ake ƙera sinadaran kumburi da shi, sai kumburin ya ragu a hankali. A 1993 an gwada giram 1.4 na GLA a rana kan mutum 37 na mako 24 a Amurka, a 1996 kuma giram 2.8 kan mutum 56 na wata shida, duka biyun an kwatanta da man da ba magani a ciki, ba mai sha ba likita babu wanda ya san wa ke shan me. Gaɓoɓi masu zafi da masu kumburi sun ragu. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken magunguna tana auna ƙarfinsu, ta yi a 2011 kan magungunan tsirrai a rumatoyid ta ce akwai hujja matsakaiciya cewa yana rage zafi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne adadi. Kwalbar da aka fi gani a manyan kemis ita ce ta man Oenothera biennis, wanda mata ke saya don matsalolin al'ada. A gaban kwalbar za a ga an rubuta 1,000 da manyan lambobi, amma wannan nauyin man ne duka. Juya bayanta ka nemi layin GLA: kashi 8 zuwa 10 ne kawai, wato miligiram 90 ko kusa a kowane kafso. Kafin a kai giram 1.4 sai an haɗiye kafso goma sha biyar ko sha shida a rana. Man Borago officinalis ya fi kauri, kashi 20 zuwa sama, don haka kafso shida zuwa bakwai sun isa. Mai shan kafso ɗaya ko biyu a rana kuɗinsa kawai yake zubarwa. Shi kuma Borago tsironsa na ɗauke da wasu sinadarai masu cutar da hanta, saboda haka sai man da aka rubuta a jikinsa cewa an tace su, ba ganye ko shayinsa ba. Ba a ganin aikinsa kafin wata biyu zuwa uku, cikakken amfaninsa sai wajen wata shida. Yana sa gyatsa da laushin bayan gida, yana ɗan ƙara saurin zubar jini, mai farfaɗiya kuma ya tambayi likitansa tukuna. Zafin bazara na lalata shi: in an yanka kafso aka ji warin tsohon mai, ya tashi daga aiki.

Ba tsiro ba ne, amma adalci ne a faɗa: man kifi mai omega-3 yana aiki ta hanya makamanciyar wannan, bincikensa a rumatoyid ya fi na GLA yawa, kuma ya fi sauƙin samu.

Na cikin gida: citta, habbatus sauda, hano

Citta ita ce mafi araha, ga ta a kowace kasuwa, kudancin Kaduna ma na cikin manyan wuraren nomanta a Afirka. Sinadaranta jinjarol ne a ɗanya, in ta bushe wani ɓangare ya koma shogawol. Wani gwaji da aka buga daga Iran a 2019 ya ba mutum 70 garin citta giram 1.5 a rana ko ƙwayar da ba komai, mako 12, a kan magungunansu na asibiti, aka ga ma'aunin ƙarfin ciwon ya ɗan sauka. Gwaji ɗaya ƙarami ba ya gina hukunci, amma citta na da fifiko ɗaya a kan kurkur: garin ne da kansa aka gwada, kuma giram 1.5 bai kai cikin cokalin shayi ba, ana iya raba shi biyu a sha a kunu ko shayi bayan abinci. Ƙwannafi ne babbar illarta, musamman ga mai gyambon ciki ko mai shan dikulofenak da ibufurofen. Kada a wuce giram 4 a rana, mai shan maganin tsinka jini kuma ya sanar da likita. A zaɓi busasshiyar da ba ta yi fumfuna ba.

Habbatus sauda tana da matsayi a zukatan Musulmi saboda hadisin da ya zo a kanta, kuma neman magani a asibiti bai saɓa wa wannan ba. Sinadarin da aka fi nazari a cikinta shi ne taimokwinon. A 2012 an gwada man a Alƙahira kan mata 40, miligiram 500 sau biyu a rana, aka ga kumburi da sandarewar safe sun ragu. Sai dai tsarin gwajin mai rauni ne: duk matan sun sha ƙwayar da ba komai wata ɗaya, sannan duk suka sha man wata ɗaya, kuma dukkansu suna kan magungunan asibiti. An yi wasu ƙanana a Iran na wata biyu da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Giram 1 na mai a rana bai kai rubu'in cokalin shayi ba, ba cokalin cin abinci da wasu ke sha safe da yamma ba. Yawan taimokwinon ya bambanta ƙwarai daga kwalba zuwa kwalba, haske da zafi kuma na lalata shi, don haka man da ya wuni a rana cikin farar roba a bakin titi ba shi ne na gwajin ba. Tana iya ɗan sauke sukari da hawan jini, mai shan magungunansu ya riƙa aunawa.

Ƙaron Boswellia serrata na Indiya, ɗan'uwan luban, ana tallarsa sosai don gaɓoɓi. Yana da 'yar hujja a ciwon gwiwar tsufa. A rumatoyid kuwa gwajin da aka buga daga Jamus a 1998, miligiram 3,600 a rana na mako 12, bai nuna ya fi ƙwayar da ba komai ba. Hano ko ararrabi na dazukanmu, Boswellia dalzielii, danginsa ne, kuma masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa sassaƙensa don ciwon gaɓoɓi. Amma jinsin daban ne, ɓangaren da ake amfani da shi ma daban, ɓawo ne ba ƙaro ba, don haka ko sakamakon na Indiya ba za a jingina masa ba.

Na shafawa

Kafsaisin, abin da ke sa barkono yaji, ana yin man shafawa da shi mai ƙarfin kashi 0.025 zuwa 0.075 cikin 100. Yana gajiyar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne kawai, ba ya taɓa kumburin. A wani gwaji na 1991 masu rumatoyid da suka shafa mai ƙarfin 0.025 a gwiwa sau huɗu a rana sun sami raguwar zafi fiye da rabi bayan mako 4. Dole a shafa sau uku zuwa huɗu kullum ba fashi, makon farko zai yi raɗaɗi, yawanci a nan mutane ke dainawa kafin amfanin ya zo. Amfaninsa shi ne kusan ba ya shiga jini, ba ruwansa da hanta. Ga mai alwala sau biyar a rana akwai matsala ta zahiri in a hannu ake shafawa, domin hannun zai kai ido da hanci da wurin tsarki. Ya fi dacewa da gwiwa ko kafaɗa; a shafa da safar hannu ko a wanke hannu da sabulu sosai, kada a sa a kan rauni, kada a gasa wurin da ruwan zafi bayan shafawa. Kwaɓa barkono da man kaɗanya a gida ba madadinsa ba ne, ba a iya sanin ƙarfinsa, yana kuma ƙona fata.

To wanne za a ɗauka?

Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a jagorarta ta 2022 ba ta goyi bayan amfani da ƙwayoyin ƙarin abinci don rumatoyid ba, abin da ta ƙarfafa sosai shi ne motsa jiki a kai a kai. Duk da haka mutane za su sha, kuma gara su sha da ilimi.

Wanda bai fara maganin asibiti ba, babu ɗaya cikin waɗannan da zai tsaya masa. Watannin farko su ne lokacin da ake iya ceton gaɓa, kuma su ne ake ɓatawa wajen zagaye. Wanda ke kan metotireksat, gwajin hantarsa lafiya, amma akwai sauran zafi, citta ce ta fi dacewa a fara da ita don araha da sauƙin illa, ko habbatus sauda a adadin da aka gwada. Mai hali da haƙurin wata shida, GLA ko man kifi sun fi hujja. Kurkumin na zuwa ne bayan waɗannan, kuma ga mai shan magani mai taɓa hanta mun fi son wanda ba fifarin a ciki. In gaɓa ɗaya ko biyu ce ke damu, man kafsaisin ya fi duk wani abin haɗiya aminci. Mai ciki ko mai neman ciki ta tsaya a abin da ke cikin abinci, ta kuma gaya wa likita da wuri, domin metotireksat kansa sai an dakatar da shi kafin ɗaukar ciki.

Yadda za a gwada shi ne ɗaya bayan ɗaya. In an haɗa uku a lokaci guda, ba a san wanda ya yi aiki ba, ba a san wanda ya yi ɓarna ba. Kafin farawa a yi gwajin hanta na ALT da na ciwon hanta nau'in B, a rubuta a takarda minti nawa hannu ke ɗauka kafin ya saki da safe, gaɓoɓi nawa ne suka kumbura, da ƙwayoyin rage zafi nawa ake sha a mako. A maimaita ALT bayan mako 4 zuwa 6. Bayan mako 12 a sake duba takardar, a kuma auna CRP ko ESR. Ciwon da kansa yana tashi yana kwantawa, shi ya sa jin daɗin mako ɗaya ba hujja ba ne. In lambobin ba su motsa ba a daina. In sun motsa, likita ne zai ce ko za a rage wani abu, kuma abin da ake fara ragewa maganin zafi ne ko firednisolon (maganin danne kumburi na dangin sitiroyid), ba metotireksat ba.

Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce. A kan yawancinsu ma an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Kwalbar da ba ta faɗi sunan tsiron da adadin sinadarin a kowane kafso ba, a ajiye ta.

Abu mafi haɗari a kasuwar nan shi ne haɗin da ke aiki da sauri fiye da kima. Babu ɗaya cikin tsirran da muka ambata da ke sauke kumburin rumatoyid cikin kwana biyu. In wani gari ko ruwan jarka ya yi haka, a yi zargin an zuba masa sitiroyid irin deksametason ko firednisolon, wani lokaci har da dikulofenak ko firoksikam. Ba a nan kaɗai ake yi ba: a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu ƙwayoyin gaɓoɓi da ake sayarwa a matsayin na tsirrai bayan an gano irin waɗannan magunguna ɓoye a ciki. Alamun sukan fito bayan 'yan makonni: fuska ta yi zagaye ta cika, ciki ya yi teɓa alhali ƙafafu na ramewa, yawan ci, rashin barci, fata ta yi saurin ɓarkewa, sukari da hawan jini su tashi, ko bayan gida ya yi baƙi saboda ciki na zubar da jini. Wanda ya ga haka bayan ya shafe fiye da mako uku yana sha kada ya yanke shi rana ɗaya, domin jikinsa ya rage ƙera nasa sinadarin na sitiroyid, yankewa kwatsam na iya jawo amai, jiri da faɗuwar awon hawan jini har a suma. Ya ɗauki kwalbar ko ƙullin ya kai wa likita a tsara masa yadda zai sauka a hankali.